Hotunan da Ba a Zo an Karɓa Ba

"Ban yarda ba! Ko da Hausa kike so in faɗa miki ko da Faransanci, ban yarda ba!"

Alhaji Badaru ne ke faɗa a barandar gidansa da ke unguwar New Bell a birnin Douala, ruwan sama yana dukan kwano kamar yana taya shi. Latifa, 'yarsa tilo, tana durƙushe gabansa da kayan ofis a jikinta, ko mayafi ba ta cire ba. Can gefe Tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, tana tsinkar ganye a faranti, ta yi kamar ba ta ji, alhali kunnenta ya fi na kowa.

"Mais Baba, me Jibirin ya yi? Duk bikin da aka yi a unguwar nan shi ake kira. Ko bikin ɗan maƙwabcinka na kasuwar Mboppi shi ya ɗauki hotunan, kai da bakinka ka yaba."

"Na yaba hoto, ban yaba suruki ba! Wa ya san ubansa? Yaro ya faɗo daga bakin iyakar Borno a wannan zamani da kowa ke tsoron kowa, ba uwa ba uba, ba mai cewa na san shi. Sannan jiya na shiga shagonsa da ƙafata. Wannan shago ne ko maƙabarta? Bango guda cike da fuskokin matattu, suna ta yi wa mutum murmushi! Tsigar jikina har yanzu ba ta kwanta ba."

Ya ɗaga yatsa biyu. "Ya sauke hotunan nan ya ƙona. Kuma ya kawo mini babban mutum da ya san gidansu, wanda zai karɓa masa aure. In babu, to, c'est fini, magana ta ƙare."

Latifa ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Tsohuwa ta ɗago ta dubi ɗanta.

"Badaru, ubanka ma da ƙunshi ɗaya ya sauka a garin nan."

"Wancan zamani daban ne, Inna," in ji shi, ya ɗauki lemarsa ya fice.

Gaskiyar magana, Alhaji ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki. Shekarun ne da rikici ya cinye garuruwan bakin iyaka, duk wanda ya taho daga can sai an bi shi da kallo, ko a masallaci. Jibirin kuwa bai taɓa ɓoye labarinsa ba, tambayarsa ce ba a yi. A garinsu mai hoto ne. Wata Lahadi ya ɗauki bikin wata yarinya mai suna Zinariya, gari guda ya hallara, har da iyayensa da ƙannensa. Washegari ya tsallaka kogi zuwa ɓangaren Kamaru don ya wanko hotunan, domin can ne injin yake. Yana tsaye da ambulan a hannu ya hango hayaƙi ya turnuƙe garinsu. Bai sake taka shi ba. Da kyamara a wuya da wannan ambulan ya gangaro har Douala.

Da safe Latifa ta hau benskin, wato ɗan acaɓar garin, ta sauka a ƙofar shagon. Ta same shi da tsumma yana goge gilasan hotunan ɗaya bayan ɗaya, domin damshin Douala ba ya barin takarda, sai ya ci fuskar mutum ya bar fari.

"Jibirin, ka ji abin da Baba ya ce. Na biyun za mu yi ta addu'a. Amma na farkon a hannunka yake. Ka sauke su, don Allah."

Bai juyo ba. "Kin san abin da na ce musu kafin in danna? Na ce kowa ya tsaya yadda yake, kada a motsa. Suka yi dariya suka tsaya. Duk bikin da na je yanzu, in na kai ido kan kyamara, sai in ga su ne a bayan amarya. In na sauke kyamarar, babu kowa."

"To ai shi ya sa! Ka ƙona ka huta!"

"Ba nawa ba ne, Latifa. Na masu biki ne, ba su zo sun karɓa ba. In wani ya tsira fa? In ya zo ya ce, mai hoto, ina 'yata, in ce masa me? Na ƙone ta don in yi aure?"

"Ni da nake raye fa? Ni ba amana ba ce? Vraiment, Jibirin, ka zaɓi takarda ka bar ni!"

Sai a lokacin ya juyo, idonsa ya yi ja. "Wallahi ina son ki fiye da raina. Amma in na iya cin wannan amanar, ke ma kada ki yarda da ni."

Ta fita a fusace, ko sallama babu. Ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayarsa, abinci ma sai an yi da gaske. Tsohuwa ta bar ta ta gama kumburinta, sannan wata rana da hantsi ta zauna kusa da ita.

"Ke uwar 'yan fushi, in tambaye ki mana. Yaya hancin uwarki yake?"

Latifa tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, hotonta guda ɗaya tak da ke gidan kuma ambaliyar wata damina ta jiƙa shi ya narke. Tun tuni take ƙoƙarin tuno fuskar, sai dai ta ga ɗankwali da 'yan kunne, tsakiyar babu komai.

"Da a ce wani baƙo ya adana miki wannan hoton," in ji Tsohuwa, "kya so ya ƙona don ya faranta wa surukinsa?"

Latifa ta kifa kai a cinyar kakarta ta yi kuka mai isarta. Da ta ɗago ta ce, "To Kaka, masu hotunan ba za su taɓa zuwa ba. Wa zai san suna New Bell?"

"Kayan da ya zauna a shago ba a saya ba, ai talla ake kai shi. Duk motar albasa da ta taso daga arewa a kasuwar Sandaga take sauke kaya. Can 'yan gudun nan suke dako."

Ranar Asabar Latifa ta shiga shagon Jibirin, ta miƙa hannu. "Ba ni ƙananan kwafi. Ba ƙonawa zan yi ba, kai su zan yi."

Ya ɗauko su ya damƙa mata a hannu.

Haka ta mayar da Sandaga wurin zuwanta duk Asabar. Yarinya 'yar ofis, da takalmin roba cikin taɓo da ruɓaɓɓen tumatir, tana bin 'yan dako tana nuna musu hotunan biki. Wasu su girgiza kai, wasu su kau da fuska don tsoron kada a ce sun san wani. Masu tsiya suka sa mata suna Madam Foto. Labari ya kai wa Alhaji a Mboppi, ya dawo gida yana huci.

"Kin zubar mini da mutunci a kasuwa!"

"Baba, ka ce kada in aure shi sai ya cika sharaɗi, kuma ban aure shi ba. Na bi maganarka. Amma ka bar ni in taya shi sauke nauyin nan."

Alhaji ya yi tsaki ya wuce, sai dai bai hana ba.

Damina ta wuce, wata ta sake kamawa. Gefen hotunan ya fara lanƙwasa a jakarta, ita ma zuciyarta ta fara sarewa. Wata Asabar ta gaji ta zauna kan wani buhu, hotunan a cinyarta. Wani tsoho ramamme da ke tsince ruɓaɓɓiyar albasa a gefe ya ɗan leƙo. Sai albasar ta suɓuce daga hannunsa.

"Zinariya," ya ce a hankali.

Latifa ta juyo da sauri. "Baba, ka san ta?"

Ya goge hannunsa a riga, ya sake gogewa, kafin ya taɓa takardar. Ya ɗora yatsa kan wani ƙaƙƙarfan mutum mai babbar riga da ke tsaye kusa da amarya yana dariya.

"Wannan ni ne, 'yata."

Ta dubi hoton, ta dubi tsohon. Wallahi da bai faɗa ba, ba mai cewa mutum ɗaya ne. Sunansa Bukar, shi ne mahaifin Zinariya. Shi kaɗai ya fita daga gidansa da rai.

Da suka isa shagon, Malam Bukar ya tsaya gaban bangon ya yi sallama, kamar wanda ya shiga zaure cike da mutane. Ya dinga kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu addu'a. Jibirin ya sauko da babban hoton amarya, ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga aikinka. Ka yi haƙuri, na makara."

Tsohon ya rungume hoton, ya jawo Jibirin ya haɗa da shi, suka yi ta kuka har masu wucewa suka tsaya.

Bayan sallar Juma'a Malam Bukar ya yi sallama a gidan Alhaji Badaru, da aron riga a jikinsa da hoton a hammata. Ya ajiye shi a kan tabarma.

"Alhaji, an ce kana neman wanda ya san gidan yaron nan. Ka ga rigar da ke jikina a hoton nan? Ubansa, Malam Mudi tela, shi ya ɗinka. Ga shi can a baya da hular dara. Tare muka yi karatun allo. An kuma ce ka ce a ƙona waɗannan." Ya shafa hoton. "Ba ni da kabarin da zan ziyarta, Alhaji. Wannan kaɗai ya rage mini."

Alhaji Badaru ya ƙura wa fuskar amaryar ido. Sa'ar Latifa ce, har wushiryarsu iri ɗaya. Ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa.

"Astagfirullah! Allah ya yafe mini. Malam, na ba shi. Kai za ka karɓa masa?"

"Ni da na aurar da 'ya ban ga ɗakinta ba? Zan karɓa, in Allah ya yarda."

Daga cikin ɗaki Tsohuwa ta rangaɗa guɗa da 'yar muryarta, tari ya sarƙe ta, Latifa na dariya tana kuka tana bubbuga mata baya.

Ranar biki, karon farko Jibirin ya tsaya a gaban kyamara, wani abokin sana'arsa ya riƙe masa ita. Malam Bukar yana damansa, a wurin uba. A gurbin da hoton Zinariya ya bari a bango suka rataye nasu. Sauran suna nan har yau, Latifa ce ke goge su da safe, kuma ba ta fasa zuwa Sandaga ba.

To, 'yan uwa matasa, ku duba. Da Jibirin ya ƙona amanar da ke hannunsa don gaggawar aure, da ya ƙone shaidar da za ta ba shi auren. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, kuma wanda ya riƙe wa matattu amana, ba zai ci ta masu rai ba.