Keken da Tsamiya Ta Haɗiye

Ana gab da kiran magariba, Mama tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai ƙararrawar keke ta kaɗa a cikin rumfa. Sau ɗaya. Babu kowa a rumfar, sai kekuna goma sha ɗaya da mijinta Hayatu ya jera kamar sahun salla.

Hayatu mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Garwa, a zamanin mulkin Shugaba Ahijo. Amma abin da ya ci masa rai shi ne tara tsofaffin kekunan soja: na Jamus masu nauyin tsiya, da na Faransa masu naɗewa biyu, wasu da maratayin bindiga a gefe. Har Tibati da Rai Buba ya taka saboda ƙarfen da ko maƙeri sai ya yi tunani kafin ya karɓa. Maƙwabta kan ce da kekunan nan suna cin tuwo, da iyalinsa sun daɗe da ramewa.

Na sha ɗayan bai fi mako a gidan ba. Wani manomi, Zacharie, ya ba shi labarin wata tsamiya a bayan dutse, inda Jamusawa suka haƙa ramukan yaƙi, wadda ta girma ta haɗiye keke har rabinsa. Hayatu ya tafi da zarto da gatari, rana tsaka, ya tsaga itacen ya zaro abinsa. Ko yaron goye ya san ba a taɓa tsamiya sai an yi wa masu wuri, iskokin da ke cikinta, sallama. Hayatu ma ya sani, ɗoki ne ya rufe masa ido. Da ya ga tsatsa ta cinye fedar hagu, ya cire ta a rumfarsa ta kasuwa ya sa sabuwa, tsohuwar kuma ya wurga ta cikin kogin Binuwai daga kan gada.

Bayan ƙararrawar, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufin gidan. Sannan Kaltumi, 'yarsu tilo mai shekara goma sha huɗu, ta saki butar da ke hannunta ta faɗi rigingine. Ƙafafunta suka ɗaga sama suka fara juyawa, a hankali, kamar mai hawa tudu da keke.

Kwana uku ba su tsaya ba. An kai ta asibiti, likita ya duba ya rasa abin faɗa. Ba ta ci, ba ta sha, ƙafafun sun kumbura, tana ƙarewa a gaban idonsu. Mama ta yi kuka har muryarta ta dushe, Hayatu kuwa tsoro ya hana shi haɗa ido da ita. A yammacin rana ta huɗu ya je ya durƙusa gaban Modibbo Mahmudu, tsohon malamin unguwarsu.

Modibbo ya zauna a gefen tabarmar yarinyar, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gida. Sai bakin Kaltumi ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, busasshiya.

"Ajiya aka ba ni."

"Wa ya ba ka?" in ji Modibbo.

"Wani ɗan saƙon soja. Ya jingina shi a jikina ana harbe-harbe, ya ce, mai wuri, ga amana, yanzu zan dawo. Da ruwa ya fara cin ƙarfen, na ja ɓawona na lulluɓe shi."

"Bawan Allah, yaƙin nan ya ƙare shekara hamsin da uku da suka wuce. Mai keken ba zai dawo ba."



"Amana ba ta mutuwa don mai ita ya mutu," muryar ta ce. "A mayar."

Hayatu ya ruga ya turo keken har bakin tabarma. Hannun Kaltumi ya miƙe, idonta a rufe, ya shafa sirdi, ya shafa sarƙa, ya shafa ƙararrawa. Da ya kai fedar hagu, ya tsaya.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ta ruɓe ne!" Hayatu ya fashe da kuka. "Na sa wadda ta fi ta. Ɗauki sauran goman duka, wallahi na ba ka!"

"Ba su aka ba ni ba. In babu feda, yarinyar ta zauna a madadinta."

Modibbo ya ɗaga murya a karon farko. "Ka ji tsoron Allah! Kai da ke tsare amana, za ka ɗauki rai a kan guntun ƙarfe? Abin da aka rage maka kaɗan ne."

Muryar ta sake fitowa daga bakin Kaltumi.

"To. Zan riƙe ƙafar hagu, har ranar da fedata ta dawo."

"Riƙe tawa!" Hayatu ya ce, yana dukan cinyarsa. "Ni na yi laifin, riƙe tawa!"

"Kai za ka nemo. Gurgu ba ya nutso."

Kaltumi ta yi atishawa sau uku, ƙafafun suka sauka. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa." Da ta miƙe, ƙafar dama ta ɗauke ta, ta hagu ta biyo tana jan ƙasa.

Washegari Hayatu ya mayar da keken cikin tsagar tsamiya, da sallama wannan karon. Sauran goman ya rabar, bai ko tsaya ganin wanda ya ɗauka ba.

Tun daga ranar, duk rani in ruwan Binuwai ya ja, za ka gan shi ƙarƙashin gada, ruwa iya ƙirji, yana nutsewa yana fitowa da yashi a hannu. Shekara tara ke nan. Kaltumi kan kawo masa fura tana dogara sanda, ta zauna a bakin gaɓa tana kallonsa.

"Baba, fito haka nan," takan ce. "Na riga na saba."

Sai ya ja numfashi, ya sake nutsewa.