Arba'in Ɗin da Ya Ƙi Ƙarewa

"Wai laifin me na yi miki, Kadijatu?"

Abdulsalam ne tsaye a zauren gidan surukansa a Gafasa, makullin babur na hannunsa. Tun da matarsa ta haifi ɗansu na uku ta zo gida wankan jego. An yi arba'in, an yi shuka, har gero ya fitar da kai, ba ta koma ɗakinta a Gaya ba.

"Ba ka yi min komai ba, Baban Hindatu..."

"To zauna mu yi magana."

Ta kalli tabarmar da ke shimfiɗe a zauren, ta kau da kai. In ta zauna zai gane. Tun bayan doguwar naƙudar da ta sha take jin wani abu na sauko mata ta gaba. Da farko sai in ta yi daka ko ta ɗauki tulu. Yanzu mahaifar ta zazzago har waje, tana gogar zane, ta yi gyambo, fitsari ma sai ta mayar da ita da hannu yake fita. Mahaifiyarta, Inna Larai, kullum sai ta zaunar da ita a ruwan bagaruwa ta naɗe ta da tsumma, ta kuma ja mata kunne cewa wannan ba maganar da namiji zai ji ba ce.

"Hindatu kullum sai ta tambaye ni ina Umma," ya ce. "In kin daina sona ne, ki gaya min!"

"Ni? Wallahi son ka ne ya hana ni dawowa! Tsoro nake ka gan ni ka ji ƙyamata..."

Ta juya fuskarta bango, ta gaya masa komai tana kuka.

Ta gama, ta juyo. Sai ta ga ya cire takalmi, ya yi sallama ya shige cikin gida. Ta bi bayansa da ido. Mutumin da tun da aka yi aurensu bai taɓa haɗa ido da Inna ba, gaisuwa ma daga nesa yake durƙusawa!

"Inna, ki yi haƙuri, yau zan ajiye kunya," ta jiyo shi yana cewa. "Kadijatu ta gaya min. Asibiti zan kai ta."

"Innalillahi! Ashe yarinyar nan ba ta da ta-ido?" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ɗan nan, aurenta nake karewa. Jira nake ta warke in mayar maka da ita."

"Ciwonta ma nawa ne, Inna."

Sai Inna ta shiga ɗaki ta haɗo kayan jariri.

Daga asibitin Gaya aka tura su Kano. Likitar da ta duba ta mace ce mai sanyin murya.

"Abin ya yi nisa, 'yar'uwa. Da kin zo da wuri, akwai zoben roba da muke sawa ya tallafe ta. Yanzu sai gyambon ya warke, sannan tiyata. Za mu yi ƙoƙarin ɗage ta mu ɗaure. In ta lalace da yawa, cirewa za mu yi."

"Haihuwa fa, likita?"

"In an cire, babu."

Kadijatu ta kasa kallon mijinta. Shi ne fa yake mata tsiya wai sai ta cika masa gida da yara.

"Ka ji ko?" ta ce a hankali. "In ka sawwaƙe min, ba zan ga laifinka ba..."

"Kul! Kada ki sake." Ya riƙe hannunta a gaban likita. "Yara uku Allah ya ba ni, masoyiyata. Uwarsu kuwa ke kaɗai ce."

Mahaifar ba ta ɗauru ba, sai da aka cire.

Ranar da ta koma Gaya, Hindatu ta rugo ta ƙanƙame ta. Kadijatu ta ga tsofaffin rigunan jarirai da ta adana saboda na gaba, ta fashe da kuka. Abdulsalam bai hana ta ba, shi ma idonsa ya kaɗa. Sai da ta yi shiru ya shimfiɗa tabarma a inuwa.

"Zauna mu yi magana."

Ta share hawaye, ta zauna.