Gicciyen Wanzagay

Ana saura kwana biyu idin Timkat, babban bikin coci na shekara, Sufeto Wubeshet ya iso ƙauyen Wanzagay yana haki. Matakala ɗari biyu ce daga hanyar mota zuwa cocin Giyorgis, wanda aka sassaƙa cikin dutse shekara ɗari bakwai da suka wuce, ga shi Sufeto ba ya wasa da cin injera, wainar ƙasar.

Ya tarar da harabar cocin ta cika maƙil, kowa na magana, ba mai sauraro. An sace tsohon gicciyen cocin, wanda ake shafa wa marasa lafiya kowace Lahadi, an ajiye na jabu a madadinsa.

"Ga ɓarawon nan!" in ji Ato Zewdu, shugaban kwamitin coci, yana nuna wani tsoho. "Makulli ɗaya ne, a wuyansa yake kwana. Gobe za mu tuɓe shi, mu kore shi daga garin nan!"

Tsohon shi ne Abba Yitbarek, limamin da ya shekara arba'in yana tsaron ɗakin kayan tarihi. Yana tsaye a gefe shi kaɗai. Abin gwanin ban tausayi.

"Wa ya gano na jabu ne?" Sufeto ya tambaya.

"Ni ce, ɗana," in ji Emahoy Tiruwork, wata makauniyar tsohuwa mai hidimar coci. "Wata guda ina kwance, yau na fito na sumbace shi, sai ya karce ni a leɓe. Namu kuwa sumul yake, leɓunan kakanninmu sun gama goge shi. Masu ido duk sun sumbata sun wuce!"

Sufeto ya juya ga limamin. "Abba, makullin ya taɓa barin wuyanka?"

"Sau ɗaya. Mako uku da suka wuce, da aka yi sharar ɗakin. 'Yan kwamiti bakwai suka shiga."

"Su wa ake kawowa a shafa musu gicciye?"

Abba ya shiga lissafo su da yatsu, sai ya tsaya. "Da Weizero Askale, matar Ato Zewdu. Shekara biyu yana goyo ta har nan, ko ana ruwan sama. Amma Lahadi uku ke nan ban gan ta ba."

Idon Sufeto ya yi wal. "Ato Zewdu, me ya hana?"

"Ta samu sauƙi, mun gode Allah."

"Madalla! Mu je in yi mata barka."

"Ai barci take yi yanzu."

"Sai in yi mata a hankali."

Sufeto ya gangara gidan Zewdu da sauri kamar ba shi ne mai hakin ɗazu ba, Saje Mekuria da rabin gari na biye da shi.

Sauƙi kam babu shi. Askale tana kwance, ta rame ƙwarai, ta rungume wani abu a ƙirji cikin farin mayafi.

"Mama, me ya sa kika daina zuwa coci?" in ji Sufeto.

Ta yi murmushi. "Abba ne ya ji tausayina, ya aiko min da shi har gida. Maigidana ya ce kada in faɗa, mutane za su yi hassada."

Sufeto ya ɗaga gefen mayafin. Ga gicciyen nan, tagullarsa ta yi sumul. A waje mata suka ɓarke da guɗa.

Zewdu ya durƙusa a bakin ƙofa. "A birni na sa aka ƙera na jabun, na musanya ranar sharar ɗakin. Taɓawa ɗaya a mako ba ta ishe ta ba, Sufeto. Na roƙi Abba, ya ce gicciye ba ya fita sai ranar Timkat. Ta yaya zan kai ta ta sumbaci abin da na san ƙarya ne?"

"Amma ka iya sa a kori tsoho a kan ƙaryar," in ji Sufeto. "Saje, sa masa ankwa. A waje, kada ta gani."

Aka tafi da shi yana waiwaye.

Abba Yitbarek ya shigo, ya miƙa hannu biyu zai karɓi amanarsa. Askale ta ƙara ƙanƙame gicciyen, ta dube shi.

"Abba, har lokacin ya yi?"

Tsohon ya daɗe a tsaye. Sannan ya janye hannunsa, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Da saura, 'yata. Ni ma a nan zan yi gadinsa."