Makullin da Sagiru Ya Aiko

Sufeto Abdulbaƙi yana da wata ɗabi'a: ba ya fara duban fuskar mutum, takalmansa yake dubawa. Yakan ce baki ya iya ƙarya, amma takalmi bai yi wannan karatun ba. Yana zaune a caji ofis bayan Azahar, sai ga wani dattijo ya faɗo ciki yana haki, takalminsa wari da wari, ɗaya baƙi ɗaya ja.

"Yallaɓai, an kashe ni! An sace rigar!"

Alhaji Sharfaddeen ke nan, mai shagon ɗinkin manyan riguna a Ƙofar Kibo. Rigar kuwa tsamiya ce, aikin hannu, an yi wata da watanni ana zuba mata allura, jibi mai ita zai zo ɗauka. Shi da yaran shago sun kulle sun tafi masallaci. Da suka dawo kwaɗo na nan a kulle, riga ta yi fiffike.

"Kuma na san ɓarawona. Bahago ne! A kamo shi yau ya kwana a bayan kanta."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya yafito Kofur Haruna, suka bi Alhaji.

A shagon ya duba kwaɗo. Ba a fasa ba, ba a ko ƙwarzane shi ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, sai manyan ma'aikatana, Bahago da Sagiru. Dukansu yau ba su zo ba."

"To me ya sa Bahago kaɗai kake zargi?"

Alhaji ya buga ƙirji. "Ina da doka, Yallaɓai. Wanda ba shi da lafiya, shi da bakinsa zai bugo mini waya kafin a buɗe shago. Ban yarda da ɗan aike ba, ban yarda da tes ba. Sannan ya aiko da makullinsa, ran da ya dawo ya zo da katin asibiti. Sagiru ya bugo tun da sassafe, murya na rawa, zazzaɓi ya kayar da shi. Ga makullinsa can a ƙusa, ɗan acaɓa ya kawo. Bahago kuwa ko uffan! Makulli na hannunsa."

Sufeto ya ciro makullin daga ƙusa, ya zura a kwaɗo, ya murɗa. Ya ƙi. Ya sake murɗawa. Ya ƙi.

"Kwaɗon ne ke da gardama, sai an ɗiga masa mai," in ji Alhaji.

"Haka ne?" Idon Sufeto ya yi haske kamar na yaron da ya tsinci ƙwan zabo. Ya jefa makullin a aljihu. "Mu je gidan Bahago."

Tun daga bakin lungu ya fara murmushi. Ƙofar zauren cike take da takalma: silifa, fed, kambas, har da wasu tsofaffin sandal da aka ɗaure da waya. A ciki ga kwanukan kunu jere, ga lemo a leda, ga Bahago shimfiɗe a tabarma, ido ya faɗa, haƙora na kaɗawa.

Limamin unguwa ya amsa sallama. "Tun hantsi muke nan, Yallaɓai. Azahar ma a nan zauren muka yi ta. Ko alwala sai da muka ɗaga shi."

"Ina makullin shago?"

Aka duba. Yana ɗaure a tazugen wandonsa.

"To me ya hana shi bugo waya?" Alhaji ya tambaya, muryarsa ta ɗan sauko.

Daga bayan labule Hajo, matar Bahago, ta amsa. "Alhaji, ba kai ka ce sai da bakin mai ciwo ba? To bakin ne ya ƙi. Tun asuba harshensa ya yi nauyi. Na ɗauki wayar na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Ina matar aure, in bugo maka ka karanta mini doka?"

Alhaji ya shiga gyaran hula. Sufeto kuwa har ya kai ƙofa.

"Kofur, yi sauri! Mu je mu duba ɗaya majinyacin."

Ƙofar gidan su Sagiru a share take tas. Ba takalmi ko wari, sai wata kaza tana tono. Sufeto ya tafa hannu don murna.

"Kofur, ka taɓa ganin an yi zazzaɓi a cikin birnin Zariya ba 'yan dubiya? Nan ko atishawa ka yi sai an kawo maka kunu."

Suka yi sallama. Inna Radiya, mahaifiyar Sagiru, ta fito da carbi a hannu.

"Inna, ya mai jiki?"

"Wane mai jiki, ɗan nan?"

"Sagiru."

"Sagiru? Kwano guda na ɗumame ya tashi da shi kafin ya tafi aiki! Ɗazu ma ya leƙo da wata jaka, ya kulle ɗakinsa ya fita aski."

Ba ta rufe baki ba sai ga Sagiru ya ɓullo daga lungu, kai na sheƙi, yana fito. Da ya hango kaki, fiton ya rikiɗe ya zama tari. Ya dafa bango.

"Sannu, Sagiru. Daga asibiti?"

"E, Yallaɓai. Allura... allura aka yi mini."

"Da aska? Buɗe mana ɗakinka ka kwanta."

Ya lalubi aljihu. "Makullin ya faɗi."

"Bai faɗi ba. Ka aika shi aiki ne, tunda kai ba ka je ba."

Sufeto ya ciro makullin ƙusa, ya zura a kwaɗon ɗakin. Ƙaras! Ƙofa ta buɗe. Ga rigar tsamiya shimfiɗe a kan gado kamar mutum na barci, a ƙasa ga sababbin takalma masu ƙyalli an jera mata.

Alhaji ya yi salati. Inna ta saki carbi.

"Ka san ba mai gwada makullin majinyaci, rataye shi kawai ake yi," in ji Sufeto. "Ka aika na ɗakinka, ka riƙe na shago, gobe ka musanya. Dokar Alhaji ka cika ta tsaf. Ka gaya wa maigida ba ka da lafiya, ka manta ba ka gaya wa Inna ba."

Sagiru ya durƙushe. "Ni na ɗinka ta, Yallaɓai! Idona ya kusa tsiyayewa a kanta. Tun ina yaro nake ɗinka wa mutane riguna, ban taɓa sa irinta ba. Gobe zan je gaida surukaina a Kufena. Na ce ko sau ɗaya..."

"Bahago fa, da ka bar laifi ya hau kansa?" in ji Sufeto.

Ya sunkuyar da kai. "Jiya na ga yana rawar sanyi. Na san ba zai iya bugowa ba."

Kofur Haruna ya ɗaura masa ankwa. Aka tasa ƙeyarsa da tsofaffin silifansa, sababbin takalman na nan inda suke.

Alhaji ya rungume riga. Can ya juya ya nufi lungu.

"Alhaji, ba nan ce hanyar shago ba," in ji Kofur Haruna.

"Na sani. Daga yau ko kazar gida ce ta bugo mini waya, na karɓa."

Da Sufeto ya bi ta ƙofar Bahago a hanyarsa ta komawa ofis, ya hango ƙari a kan tarin takalman 'yan dubiya: ɗaya baƙi, ɗaya ja.