Dutsen da ke Ƙarƙashin Gonar Malam Sambo

Mas'ud ya kwantar da katako a gonar albasar Malam Sambo a Sabiyal, ya dake shi ta gefe da guduma. Ɗalibi ne daga jami'ar Aliero, an kira shi ya duba ko akwai ruwan haƙa burtsatse, don rijiyar gonar ta ƙafe. Naja'atu, ɗiyar mai gonar, ta kawo fura ta tsaya.

"Me ƙasa ta yi maka?"

"Tambayarta nake. In ƙasa ta girgiza, akwai motsin da ke kaɗawa gefe da gefe. Yana gudu cikin dutse, amma ba ya ratsa ruwa. Shi na'urata ke saurare."

"To, mai dukan ƙasa, sha fura."

Sunan ya bi shi. Soyayya ma haka.

Na'urar ba ta kawo albishir ba. Motsin ya yi gudu ƙwarai, alamar dutse ne tsantsa, babu tsaga. Mas'ud ya gaya wa tsohon.

Malam Sambo ya ce, "Ubana ya sha ruwa nan. Fita."

Kalilu, dillalin albasa daga Jega, shi ma yana son Naja'atu. Ya yi alkawarin kawo injin haƙa, ya ce ruwa na nan.

Mas'ud ya turo wa Naja'atu saƙo: "Sanyin idona, sona irin motsin nan ne. Dutse ba ya tare shi."

Ta amsa: "Ka ce ruwa na tare shi. Ga hawayena. Da ka yi wa Baba ƙarya mana."

"Ba zan iya ba."

Injin Kalilu ya zo. Ya yi ta gurnani yana fitar da farar ƙura, babu ko laima. Albasa ta kwanta ta bushe. Kalilu bai sake leƙowa ba.

Malam Sambo ya aika a kira Mas'ud.

"Ka san gaskiya za ta raba ka da Naja'atu, ka faɗa. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure ba kiɗa. Tsohon ya dafa kan ɗiyarsa. "Allah ya yi muku albarka."

Mas'ud ya durƙusa. "Baba, akwai fadama a Maiyama, ruwanta kusa. Zo mu koma tare."

Tsohon ya dubi busasshiyar gonar ubansa.

"Ba ni zuwa."