Batirin Jan Babur na Damilu

Ƙarfe goma na safe aka shigo da Ishmael caji ofis, riga a yage, jama'a na biye da shi suna ihun "ɓarawo". Sufeto Nu'uman ya ajiye kofin shayinsa ya fito.

Ƙarar gajera ce. An sace jan babur daga zauren Adda Zuhra a Damilu. Na marigayi mijinta ne, yana kulle tun shekarar da aka hana hawan babur a cikin gari saboda masu tayar da ƙayar baya. Ishmael kuwa bakanike ne da ya gudo daga Michika, matar ta ba shi ɗakin ƙofar gida.

A wannan zamanin ɓatan babur ba ƙaramar magana ba ce. DPO ya ja Sufeto gefe.

"An ce yaran daji zai kai wa. Ƙarfe huɗu sojoji za su zo su tafi da shi. In kana da wata magana, kafin nan."

Sufeto ya san in aka tafi da mutum a irin wannan motar, sai dai addu'a. Ya leƙa sel ɗin da aka kulle Ishmael.

"Ina ka kai babur?"

"Oga, wallahi ban ɗauka ba. Adda ya ba ni ɗaki, ya ba ni abinci. Zan sace masa?"

Sufeto ya juya ya fito. Ya kira Kofur Ya'u, suka tari keke Napep suka nufi Damilu.

Adda Zuhra na zaune a tabarma, idanunta sun yi ja.

"Adda, wa ke taɓa babur ɗin nan?"

"Ishmael kaɗai. Kowace Asabar yakan tayar min da shi a tsakar gida, wai kada inji ya kwanta. Ni kuma ina son jin ƙararsa. Sai in ji kamar Malam ne ya dawo daga kasuwa."

"Da me yake tayar da shi?"

"Turawa yake yi, don kik, abin takawar nan, ya karye tun Malam na da rai. Daga bakin rijiya ya sheƙo da gudu, ya ɗare, sai ka ji ya kama."

Sufeto ya gyara tsayuwa. Kafin ya sa kaki, shekara shida ya yi yana acaɓa tsakanin Jimeta da Yola, kuma har yau in ana maganar babur kunnensa miƙewa yake yi.

"Wa ya ga an fita da shi?"

Wani saurayi mai farar shadda ya matso, sai ƙamshin turare yake. Mu'tasim ne, ɗan ƙanen marigayin, ya zo daga Abuja ranar Litinin.

"Ni na gani, yallaɓai. Bayan sallar asuba. Ya fito da shi a hankali, ya danna sitata, ya yi gabas a guje."

"Sitata ya danna?"

"Da idona na gani. Dannawa ɗaya ya tashi."

"Madalla," in ji Sufeto. Ya rubuta, har da jan layi a ƙasa.

Da suka fito waje, Sufeto ya cafki hannun Kofur, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ya'u! Babur ɗin da ake turawa kowace Asabar, batirinsa na da rai?"

"A'a, yallaɓai."

"To sitatar me aka danna? Yaron nan ƙarya yake zubawa. Kuma duba ƙasa."

Sawun taya ne a yashi, da sawun takalmi a gefensa na hagu, taku bayan taku. Ba a hau babur ɗin ba, jan sa aka yi. A bakin kwalta sawun ya ɓace.

"Wanda bai iya turi ba, ya danna sitata ya ji shiru, ya taka kik ya tarar a karye, me zai yi?"

"Zai kai batir caji."

"A garin da babu babur, batirin babur ba zai ɓoyu ba! Mu je."

Shago uku suka shiga ba su dace ba. Rana ta take, ƙarfe biyu ta gota. A na huɗu, can cikin Jambutu, suka sami Bappa Bakari a tsakiyar manyan baturan mota. A kan benci ga wani ɗan ƙaramin batir an maƙala masa waya.

"Bappa, na wane ne wannan?"

"Wani ɗan gayu ne ya kawo da safe a leda. Wai na janareta ne." Tsohon ya yi dariya. "Ni za a gaya wa batirin babur? Na ce masa wannan ya mutu murus, ko kwana zai yi ba zai ɗauki wuta ba. Ya ce in dai gwada. Turarensa har yanzu bai bar shagon nan ba."

Uku da kwata suka koma Damilu. Sufeto ya dire batirin a gaban Mu'tasim.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Bappa Bakari ya san ka. In aiko a ɗauko shi?"

Gumi ya karyo wa Mu'tasim. Ya dubi ƙofa, ya ga Kofur a tsaye.

"Wani ne a ƙauye ya ce zai saya," ya ce da ƙyar. "Yana kangon da ke tsallaken kwalta, na rufe shi da buhuna. Na ga Ishmael baƙo ne, ba mai tsaya masa."

Adda Zuhra ta miƙe.

"Ni na tsaya masa! Ka ci tuwona kwana biyar, ka kai bawan Allah bakin kabari?"

Sufeto ya buga wa DPO waya. Amsar ba ta yi daɗi ba: sojoji sun riga sun iso, kuma babur suke son gani, ba labari ba.

Aka fito da babur daga kango. Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika, tura shi zuwa ofis kuwa sai a yi awa guda. Sufeto ya girgiza tanki ya ji mai, ya murɗa makulli, ya ɗare, ya sa giya ta biyu, ya damƙe kuloci.

"Mu'tasim, zo ka koyi abin da ba ka iya ba. Tura!"

Mu'tasim ya tura, shadda na jan ƙasa. Sufeto ya saki kuloci. Babur ya yi tari, ya mutu.

"Da ƙarfi! Ya'u, taya shi!"

Suka sake sheƙawa. Taya ta ja, inji ya yi gyatsa sau biyu, sai ga ƙara ta cika unguwa, hayaƙi ya turnuƙe. Mata suka leƙo ta katanga. Adda Zuhra ta rangaɗa guɗa tana hawaye.

"Sa masa ankwa, ku biyo ni a keke!" Sufeto ya yi ihu, ya murɗa totur.

Bai tsaya ba sai a shingen bincike, inda ya ɗaga katinsa ba tare da ya bar inji ya mutu ba. Ya shigo harabar ofis daidai lokacin da ake ɗora Ishmael a bayan motar sojoji, hannu a ɗaure.

"Ku sauke shi! Ga babur, ɓarawon na hanya!"

Ba a jima ba keke ya iso, aka wuce da Mu'tasim sel, kansa a ƙasa.

Da aka kwance Ishmael, sai ya taho kai tsaye. Ya durƙusa kusa da babur ɗin, ya dafa tankin da hannu biyu, yana kuka kamar yaro. Can ya ɗago.

"Oga, giya na biyu ka sa?"

"Ta biyu."

"Kar ka kashe shi tukuna," in ji Ishmael. "Bari in ji."