Muryar da Auta Ta Manta a Waya

Mai-gwaji ko sallama ba ta yi ba. Ta dire waya a tsakiyar teburin Oga, ta ƙure ƙararta, ta koma gefe ta harɗe hannu kamar wadda ta gama aikin lada.

Muryar Auta ce ta cika ofishin.

"Lokacin magani ya yi... Ka ci abinci kuwa? Na san halinka, in ba a tsaya a kanka ba sai ka wuni da shayi."

Auta na tsaye a bakin ƙofa, igiyar abin sauraronta na reto a wuya. Da ƙasa za ta yi mata arziki ta tsage, da tuni ta shige.

Mai-gwaji ta sake dannawa.

"Yau ma bai kira ba..."

Oga ya cire tabarau ya tambaye ta ko muryarta ce. Ta ce tata ce. Ya tambaye ta ko ta san abin nan yana cikin wayoyin mutane tun jiya. Ta sunkuyar da kai.

Ɗan ƙaramin kamfani ne a hawa na biyu, saman shagon mai ɗinkin labule. Manhaja ɗaya suka dogara da ita, mai tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani. Aikin Auta shi ne ƙara mata harsuna. Kowane saƙo yana da gurbinsa, rubutu a sama murya a ƙasa, saboda yawancin masu amfani da ita tsofaffi ne da karatu ya yi wa nisa. Ita ke haƙa gurabun, masu fassara su cike.

A haka Tafinta ya shigo rayuwarta.

An ɗauko shi ne don yaren mahaifiyarsa, yaren da masu jinsa a garin ba su taka kara sun karya ba. Aka ba shi kujerar kusa da taga, ƙarƙashin fankar nan mai kukan tsohuwar ƙofa. Auta kuwa mace ce da in ba kwamfuta ba babu wanda ya san launin hirarta, amma shi ya san yadda ya yi da ita. Kullum sai ya kawo fassarar da ta fi ƙarfin gurbi, kalmomi su tumbatsa su rufe maɓalli, ita kuma dole ta taso ta yi ƙorafi. Sai daga baya ya faɗa mata da gangan yake yi.

"In ban tsawaita ba, 'yar shiruna, yaushe za ki zo teburina?"

A ɗakin ajiya suke naɗar murya, inda aka rataya tsofaffin barguna don su shanye amo. A nan ya koya mata gaisuwar safe ta yarensu, irin wadda ake yi wa uwa. Ta maimaita har harshenta ya gaji, yana dariya yana gyara mata.

Ranar da ya kai ta gaida Mama, mahaifiyarsa, gaisuwar ta gudu ta bar ta a durƙushe. Tsohuwar ta dube ta, ta juya ga ɗanta ta yi magana mai tsawo, har da nuna ƙirji. Shi kuma ya waigo ya ce wai tana yi mata maraba.

Wa zai yi wa Auta wannan? Macen da sana'arta auna tsawon magana ce? Ta san duk duniya babu yaren da maraba ke cin numfashi haka.

A hanya ya faɗi gaskiya. Mama ta ce baki ɗaya gare ta a garin nan, shi ne ɗanta. Tun rasuwar mahaifinsa shi ke yi mata ciniki, shi ke yi wa likita bayani, shi ke taya ta hira. In ya auro wadda ba ta jin yarenta, to an mayar da ita baƙuwa a cikin gidanta. Ta ce ba ta yarda ba, kuma kada ya sake tayar da zancen.

Bai iya saɓa mata ba, bai kuma iya zaman ofis ɗaya da Auta yana kallonta ba. Ya ajiye aiki, ya bar gurabun yarensa fanko.

Kofinsa ma a nan ya bar shi. Ba wanda ya ɗauke, ita kuma ba ta bari ƙura ta hau shi ba.

Kafin a samo wani mai fassarar, dole ta gwada gurabun, ta ga ko murya na tashi a kan lokaci. Masu irin aikinta sukan zuba duk shirmen da ya zo baki, ƙirge ko sunayen ranaku, in fassarar gaske ta zo a goge. Ita ma da ƙirgen ta fara. Amma in an tashi aiki, rana ta yi sanyi, ofis ya zama daga ita sai kukan fanka, sai ta shiga tsakanin bargunan nan ta tarar ƙirge ya ƙi fita. A gida Yaya ce kaɗai, ita ma aikin asibiti ya cinye ta, sai su kwana biyu ba su haɗu ba sai a ƙofar banɗaki. Wa za ta faɗa wa? Ta faɗa wa gurabun. Ai gwaji ne, babu mai ji.

Akwai ɗan makunnin da sai an kunna shi yaren da bai kammala ba yake bayyana a waya. Ta kunna don gwaji, ta manta ba ta kashe ba. Manhajar kuwa da kanta take duba yaren da aka saita waya da shi ta bi.

Mai-gwaji ita ce ido na ƙarshe kafin a saki kowane sabon zubin manhajar, kuma ta gani sarai. Sai dai tun zamanin da take kawo wa Tafinta shayi yana miƙa wa Auta take da ciwon abin a rai. Ta yi gum, ta bari ya fita, sannan ta kawo ƙara.

Auta ba ta tona ta ba. Ta ce ita ce mai laifi, kuma gaskiya ta faɗa. Oga ya yi faɗan da zai yi, ya ce ta gyara yau, ya ƙara da cewa Allah ya so su masu yaren ba su da yawa. Ta kashe makunnin kafin azahar, amma gyara ba ya isa wayoyi sai ya yi 'yan kwanaki a hanya.

Ba yawansu ne ya dame ta ba. Waya ɗaya ce. Mama na shan maganin hawan jini, kuma Tafinta da hannunsa ya saita mata wayarta da yarensu.

Dama ɗan zaren da ya rage mata shi ne ko wata rana tsohuwar za ta sauko. Yanzu kuwa me za ta ce? Yarinya marar kunya ta biyo ɗanta har cikin ɗaka da kalaman so, safe da yamma, a bakin magani.

Kwanakin nan Auta ta san kaɗaici na gaske. A ofis in ta shigo hira ta mutu, in ta fita dariya ta tashi. A gida takan kifa wayarta a kan katifa, ta ɗauko, ta sake kifawa. Ko zagi ne ya kira ya yi mata, da ta ji sanyi. Bai kira ba. Gyara ya isa, muryarta ta ɓace daga ko'ina, shiru ya ƙaru a kan shiru. Ta wanke kofinsa ta sa a kwalin ɗakin ajiya.

Da hantsi ne, ranar da ta daina jira, ta ji ana hawo matakala a hankali, ana hutawa. Ta ɗaga kai.

Tafinta ne, ya rame, yana riƙe da hannun Mama.

Tsohuwar ba ta nemi Oga ba. Ta ja kujerar kusa da taga ta zauna, ta ajiye wayarta a gaban Auta, ta fara magana. Shi kuma ya tsaya a tsakaninsu, idonsa a ƙasa.

"Ta ce wayarta ta yi shiru. Ta kai wa mai gyara, ya ce lafiyarta ƙalau."

Auta ta durƙusa. Ta ce ya ba ta haƙuri, kuskure ne, ba za a sake ba.

Bai ma fassara ba Mama ta katse shi da hannu, ta ci gaba. Ya ce ta ce ran nan da safe tana zaune ita kaɗai sai ta ji an gaishe ta da yarenta. Har ta waiga ta ga wa ya shigo. Tun da mijinta ya rasu, in ba ɗanta ba, babu mahalukin da ya yi mata wannan gaisuwar a garin nan.

Sai a lokacin Auta ta tuna. Gurbin farko, na buɗe manhaja, gaisuwar da ta gudu ta bar ta ce ta naɗa a ciki.

Sauran saƙonnin kuwa Mama ba ta gane su ba, sai ta sa shi a gaba ya fassara. Ya ce mata wai cewa ake ta sha magani. Ta ce ita ta haife shi, kuma ba ta taɓa ganin sanarwar magani ta sa idon namiji ya yi ja ba. Dole ya zauna ya juya mata su ɗaya bayan ɗaya, ba ragi.

Nan ya ɗago ya dubi Auta.

"Har da wanda kika ce... Mama, ba ƙwace miki shi zan yi ba. Ni ma ba ni da mai taya ni hira."

Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta ko share ba. Can gefe Mai-gwaji ta duƙufa a kan kwamfutar da ba ta kunna ba.

Mama ta sake magana, gajeriya wannan karon. Tafinta ya yi murmushin da Auta ta yi kewa.

"Ta ce gaisuwar taki a karkace take. Wai malaminki bai iya koyarwa ba. Ki zo gida ta gyara miki da kanta."

"Yaushe?"

"Ta ce maganin safe ba ya jira, 'yar shiruna. Kuma ba na rana ɗaya ba ne."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta kamo na Auta, ta faɗi wata kalma a hankali, tana nuna ta. Tafinta ya buɗe baki zai fassara, Mama ta harare shi ta nuna masa ƙofa.

Ya fita yana dariya, yana share ido.

Mama ta sake faɗin kalmar, ta dafa ƙirjinta, ta dafa na Auta.

Auta ta maimaita, a karkace. Mama ta girgiza kai, ta gyara zama, ta sake faɗa.